Kifin Roba a Tafkin Tuross

Newman, 9 ga Agusta, 2004

Kawu Clarrie,

Gaisuwa mai yawa daga wadda ta daɗe ba ta sa ka a ido ba. Yaya ƙarfin jiki? Yaya wuyan, ya daina ruwa? Ni lafiyata ƙalau, in ban da ciwon baya, wanda duk mai tuƙa motar mahaƙar ƙarfe awa goma sha biyu a jere ya saba da shi.

Sau huɗu na kira ka a waya makon jiya. Sau huɗu kana ɗauka, in ji numfashinka, ka ajiye. Noeleen maƙwabciyarka ta gaya mini ka jefa na'urar maganar da asibiti suka ba ka cikin durowa, wai ƙararta kamar zuma a gwangwani. To, na ji. Tunda likitoci sun cire maƙogwaron saboda ciwon daji, kai kuma ka ƙi na aro, sai mu koma takarda. Hannunka dai ba su taɓa shi ba.

Tare da wasiƙar nan akwai dogon kwali. Sandar fatsa ce marar nauyi, da abin naɗe zare, da leda shida na kifin roba, da ƙugiyoyi masu kan dalma. Na san tsaki bai bi maƙogwaron ya tafi ba, to ka riƙe shi tukuna ka gama karantawa. Akwai wata abokiyar aikina, Rhonda, 'yar gaɓar Queensland ce. Ta ce yanzu a can da robar nan ake kama kifinka, mai shimfiɗaɗɗen kan nan da kake kira ƙadangare. Ba tonon tana, ba neman jatan lande, ba ɗaukar bokiti mai nauyi. Daga bakin gaɓa ma ana yi, kana tsaye a kan busasshen yashi.

Busasshen yashi na ce, Kawu. A gabana likita ya faɗa maka: ramin da ke wuyanka kai tsaye yake zuwa huhu, in ka faɗa ruwa ko iya ƙirji ne, shi ke nan. Don haka ina roƙon ka ka sayar da kwalekwalen nan. Tun ina shekara tara da Mama ta rasu kai ka riƙe ni, kuma duk duniya ba ni da wani sai kai.

Ina nan zuwa Kirsimeti, na riga na sa sunana a jerin masu hutu. Ka gaishe mini da Noeleen.

'Yarka,
Lyndal


Tuross, 24 ga Agusta

Lyndal,

Takardarki ta iso, kwalin ma ya iso, mai kawo wasiƙa har yana tambaya ko sandar labule na saya. Ina lafiya gwargwado. Wuyan ya bushe, tarin safe ne dai bai bar ni ba. Sanyi ya fara sauƙi.

Tsakin na yi shi, har biyu. Shekara arba'in da ɗaya ina jan raga a tafkin nan kafin a sayi lasisinmu a bar wa 'yan hutu ruwan. Ƙadangaren da na tura kasuwar Sydney, in aka jera su kai da wutsiya, sai su kai Newman. Yau kuma wata Rhonda mai tuƙi a cikin hamada ce za ta koya mini. Ƙwai ya fi kaza wayo ke nan.

Na buɗe leda ɗaya. Wani abu ne laɓo-laɓo, ruwan hoda, da wutsiya a naɗe. Noeleen ta shigo da miya ta same ni ina jujjuya shi, ta ce, "Kai Clarrie, alewa 'yar taka ta aiko maka? Kar ka ci, ba ka da haƙoran." Ta ce wai warin tafarnuwa yake. Sai dai in yarda da ita. Tun da aka yi aikin nan iska ba ta bi ta hancina, ba na jin warin komai. Ko warin laka idan ruwa ya janye, wanda na tashi a cikinsa, ba na ji. Wannan ya fi rashin muryar cin raina, ban san dalili ba.

Ranar Juma'a na leƙa kulob wurin tsofaffin abokai. Duk wanda ya zo gaishe ni sai ya ɗaga murya kamar kunnen aka cire. In suka yi magana, kafin in gama rubuta amsa a ɗan littafina sun wuce ta sun shiga ta ƙwallo. Na sha rabin kofi na dawo gida.

Saboda haka ranar Asabar, da na rasa abin yi, na ɗauki sandarki na je kusa da inda ake sauke jirage. Awa biyu ina jefawa ina naɗowa. Ciyawar ruwa na kamo, da leda ɗaya. Ki gaya wa Rhonda na gode.

Kwalekwale yana ƙarƙashin rumfarsa, kuma nan zai zauna. Ba na shiga, ba na sayarwa. Kar ki ƙara tayar da maganar.

Kawunki,
Clarrie


Newman, 6 ga Satumba

Kawu,

Na ji daɗin ganin rubutunka, har da faɗan. Allah ya ƙara sauƙi. Tarin nan ka gaya wa likita, kar ka yi masa irin naka. Ni ina nan lafiya, zafi ya fara leƙowa.

Na karanta wa Rhonda wurin da ka ambace ta. Ta yi dariya har ta ƙware, ta ce, "Ki ce wa tsohon nan ba raga yake ja ba." Ga abin da ta ce in rubuto, kuma tana tsaye a kaina:

Ka soka robar a ƙugiya miƙe sak, in ta karkace juyi za ta riƙa yi, ba iyo ba. Ka jefa, sannan ka tsaya. Kar ka taɓa komai sai ka ga zaren ya saki, wato ta kai ƙasa. Ka fizgi bakin sandar sama sau biyu, ka bar ta ta sake nitsewa, ka naɗe rarar zaren. Ta ce yawanci a wurin nitsewar nan yake kamawa, kuma ba lallai ka ji a hannu ba, zaren za ka ga ya yi ɗan zillo. Shi ya sa aka yi shi ruwan ɗorawa, don a gani. Ka ɗaura zare mai kauri kamu huɗu a gaba, tunda ka san haƙoransa. Kuma kar ka kafe a wuri ɗaya: jifa biyar, ka matsa gaba.

Inda suke kwanciya kuwa, ta ce wannan kai za ka koya mata.

Na bar maganar kwalekwale, tunda ka ce ba ka shiga. Na riƙe ka da wannan.

'Yarka,
Lyndal


Tuross, 11 ga Oktoba

Lyndal,

Ina fata bayan naki ya yi sauƙi. Ki sa matashi. Ni ga ni nan. Na yi jinkirin amsa ne don ban so in rubuto ba ni da abin faɗa.

Ki gaya wa Rhonda ta yi gaskiya, amma kar ki gaya mata ni na ce.

Wata guda na yi ina bin abin da ta faɗa. Da farko hannuna ya ƙi, shekara arba'in ya saba da ja, ba da jira ba. Ƙugiya tara na bar wa duwatsu. Sai na daina jifa, na koma yin abin da na iya. Da ruwa ya janye ƙarƙaf na bi yashin da ƙafa ina duba makwancinsu. Kin tuna ina nuna miki su kina ƙarama: inda ya binne kansa yana jiran abinci, in ya tashi sai ya bar siffarsa a yashi, kai da wutsiya, kamar an zana. Na samu bakwai a bakin wata 'yar kwata da ke zubar da ruwan fadamar cikin babbar hanyar ruwa, duk sun fuskanci wuri ɗaya.

Washegari na koma, ruwa ya yi awa biyu da fara janyewa. Na jefa sama da kwatar, na bar robar ta gangaro da ruwa. Fizga biyu, na saki. Fizga biyu, na saki. A jifa na uku zaren ya yi zillon nan, ɗan kaɗan, kamar an taɓa shi da farce. Na ɗaga sanda na ji nauyi, sannan na ji girgizar kan nan da na sani tun kafin a haife ki. Lyndal, da raga ba ka jin kifi, gawarsa kawai kake ɗauka. Wannan kuwa har cikin kafaɗata na ji shi. Na jawo shi kan yashi, santimita arba'in da bakwai, robar ruwan hodan nan a gefen bakinsa. Ya soke ni da ƙayar kunnensa a babban yatsa, ni da ban taɓa bari su same ni ba. Na shafa yauƙin cikinsa a wurin kamar yadda kakanki yake yi. Na yi dariya ni kaɗai, iska kawai ke fita ta wuya.

Noeleen ta soya shi da dankali. Ta ce, "To uban taurin kai, yaya alewar?" Na rubuta mata: ba laifi. Ta ce ya yi daɗi. A bakina kamar takarda, amma na cinye.

Ranar Talata na je wurin likita. Ya duba sabon hoton, ya ce ba sai na ƙara zuwa gashin nan da suke yi wa ciwon da na'ura ba, na gama da su. Na dawo da wuri har na tarar da janyewar ruwa, na kama biyu.

Ki ƙaro mini masu ruwan hodan, da masu ƙyalli irin na ɗan kifi.

Kawunki,
Clarrie


Newman, 25 ga Oktoba

Kawuna!

A ɗakin cin abinci na buɗe wasiƙarka, na yi ihun da ya sa wani bakanike ya zubar da shayinsa. Ka gama da su! Wata goma ina kwana ina tashi da abin nan a ƙirji, yau na sauke. Kuma dubi yadda ka ɓoye shi a ƙarshen takarda, bayan labarin kifi, kamar ba komai ba. Halinka sai kai. Allah mun gode.

Rhonda ta ce santimita arba'in da bakwai ɗan yaye ne, sai ka kai saba'in za ta gaishe ka.

Yanzu ga wata magana, kuma da ba ka warke ba ko saurarenta ba zan yi ba. Suna neman wanda za a koya wa aikin babbar na'urar haƙa, kuma shugabanmu ya sa sunana. Mace ba ta taɓa hawa ta a ramin nan ba. Amma horon wata biyar ne ba hutu, daga Nuwamba. Wato Kirsimeti ba zan samu zuwa ba, sai bayan Ista. Na yi ta juya abin kwana biyu, sai na ce Kawu da kansa zai ce in karɓa. Na sa hannu jiya. In na zo a Afrilu wata guda cur zan yi, ka kai ni kwatar nan taka.

Ba ka yi fushi ba ko? Robobin suna hanya.

'Yarka,
Lyndal


Tuross, 15 ga Nuwamba

Lyndal,

Lafiya lau. Robobi sun iso. Kin yi daidai da kika karɓa, aiki irin wannan ba ya zuwa sau biyu. Ki hau ta ki nuna musu.

Ruwa ya yi ɗumi, ƙadangare sun hau kan fadama sosai. Kusan kullum ina fita, sai dai yanzu ina tafiya da 'yar kujera. Mafi girman da na kama ya kai santimita hamsin da takwas. Na daina ɗaukar fiye da ɗaya, ba mai ci.

Jiya wani mai kiwon kawa, irin dodon-koɗin ruwan nan da ake ci, ya tsaya da jirginsa ya ce mini ya ga makwancin wata uwa a can tsallake, bakin rafin da ke ƙarƙashin matacciyar bishiyar nan. Ya ce tsawon makwancin ya kusa mita. Kin san duk wanda ya kai haka mace ce. A shekarun ragata irinsu nawa na zuba a kwando cike da ƙwai, ban ko kalle su sau biyu ba. Ina so in ga guda da ranta, kusa da kusa.

Wurin ba ya zuwa da ƙafa. Na cire rumfar kwalekwale na duba injin, bugu biyu ya tashi.

Afrilu da nisa, amma sannu ba ta hana zuwa.

Kawunki,
Clarrie


Newman, 28 ga Nuwamba

Kawu,

Ina fata kana lafiya, don ni ka hana ni sukuni.

Da hannunka ka rubuta mini: ba na shiga. Takardar tana nan a wurina. An yanka ka, an gasa ka wata da watanni, Allah ya tashi kafaɗunka, sannan ka je ka nutse saboda kifi? Igiyar ruwan jirgi ɗaya ta isa, santsi ɗaya ya isa, kuma ko ihu ba za ka iya yi a ji ka ba. Ni na aiko maka da sandar nan. Ka san abin da zan ɗauka a raina har in mutu?

In ka sa ƙafa a kwalekwalen nan, kar ka ƙara rubuto mini.

Lyndal


Newman, 14 ga Janairu, 2005

Kawu,

Barka da sabuwar shekara, ko da ba ka ce mini ba. Katin Kirsimeti na aiko, shiru. Na kira Noeleen sau biyu, ta ce kana nan, tana sauri ta ajiye. Wato har ita ka haɗa ni da ita.

Na san na yi zafi a wancan karon, amma ka san ba har zuciya ba ne. Ko zagi ne ka rubuto. Na fara hawa na'urar ni kaɗai, ba ni da wanda zan yi wa alfahari.

'Yarka,
Lyndal


Tuross, 8 ga Fabrairu

Lyndal 'yata,

Ina gaishe ki, ina kuma taya ki murnar na'urar. Ki yi haƙuri da rubutun. Kwana uku na yi ina rubuta wannan.

Kin ce in na shiga kwalekwale kar in ƙara rubuto miki. Na shiga, shi ya sa na yi shiru. Na san ba haka kike nufi ba. Na laɓe ne a bayan maganarki, don shirun ya fi mini sauƙi.

Ranar goma ga Disamba muka je. Na ce muka, don Noeleen ta kama ni ina ƙoƙarin haɗa tirelar kwalekwalen da mota. Ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "In mutuwa za ka je yi, ba kai kaɗai za ka ba ni aikin neman gawa ba." Mace mai shekara saba'in da ɗaya da ba ta taɓa riƙe injin jirgi ba. Ta sa mini rigar hana nutsewa, ta ɗaure ni da igiyar shanya a jikin benci kamar akuya, ta tuƙa mu a karkace har tsallake tana zagin kowane turken alamar hanyar ruwa da ya zo kusa da ita.

Muka kashe inji sama da rafin muka bar ruwa ya gangara da mu. Na sa babbar roba mai ƙyalli. Sau uku muna bin wurin, na samu ƙanana biyu na sake su. A na huɗu robar ta kai ƙasa, na fizga, sai na ji kamar na kama kututture. Na ce dutse ne. Sai kututturen ya tashi ya fara tafiya.

Ban san minti nawa muka yi ba. Uwar nan ba ta gudu, nauyi kawai take yi tana bin ƙasa. Na taso da ita har muka gan ta a ƙarƙashin jirgi, kanta kamar shebur, bayanta da ɗigo-ɗigo kalar yashi. Noeleen ta ce, "Wayyo Allah, wannan ai kada ce!" A nan tari ya sarƙe ni. Hannuwana suka mutu, na kasa ɗaga sandar da ba ta kai nauyin cokali ba. Na miƙa wa Noeleen.

Ke kin san dokar: ba a ɗaga kan ƙadangare sama da ruwa. In kan ya fito, girgiza shi za ta yi, haƙoran su zage zaren. Noeleen ba ta sani ba. Ta ɗaga sanda da iya ƙarfinta tana cewa, "Ga ta nan, Clarrie, ga ta nan!" Ina ganin kan yana tasowa. Na buɗe baki ina ce mata ki sauke, ki sauke, ba abin da ke fita. Littafina yana aljihu, ina lokacin rubutu? Na buga gefen jirgi da hannu, ta ɗauka murna nake. Kan ya fito. Girgiza uku, zaren ya tsinke. Ta ɗan tsaya a saman ruwa kamar ba ta san ta kuɓuta ba, sannan ta nitse a hankali.

Noeleen ta juyo za ta ba ni haƙuri, sai ta ga ƙyallen wuyana ya jiƙe da jini. Ta zauna a bencin ta yi kuka. Ta ce, "Clarrie, ko ka gaya wa yarinyar nan ko ni in gaya mata." Na roƙe ta ta bari ki gama horon. Ta ba ni zuwa ƙarshen Janairu, na ƙara mako guda a kai. Kar ki ga laifinta, duk kiran da kika yi mata sai ta zo ta zage ni.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da likita ya gani a hoton Oktoba shi ne ciwon ya sauka huhu, duka biyun. Ya ce gashi ba zai ƙara amfani ba, in koma gida in yi abin da nake so. Na tambaye shi a rubuce: nawa? Ya ce watanni. Da na zo rubuta miki sai na tsara maganar yadda za ta karantu ta kowane gefe, na ce ki zaɓi wanda kika ga dama. Da amsarki ta zo da murnar nan, na karanta ta sau uku a tsaye a bakin akwatin wasiƙa, na kasa karɓe miki ita. Ba ƙarya na yi miki ba, amma ta fi ƙarya muni, na sani.

Tun Kirsimeti ban ƙara fita ba. Ban ce ki bar aikinki ba. Ina dai ganin Afrilu ya yi mini nisa.

Kawunki,
Clarrie


Tuross, 1 ga Maris

Kawu,

A teburin kicin ɗinka nake rubuta wannan, zan ba ma'aikaciyar jinya ta ajiye maka kusa da gado. Yaya ka kwana? Sun ce ka sha rabin kofin madara, ka ƙara.

Wasiƙarka kwana goma sha shida ta yi a hanya, guguwa ta yanke titin Newman, buhunan wasiƙu suka zauna a gaɓa. Da na karanta na miƙa wa shugabanmu makullin na'urar, ban ko tsaya jin abin da zai ce ba. Jirgin sama biyu da bas ɗaya. Noeleen ce ta tarye ni a tasha ta ce an kwantar da kai asibiti tun Laraba.

Jiya awa uku na yi a gefen gadonka. Abin da ka rubuta mini kawai shi ne "Kin yi ƙiba," sannan ka rufe ido kamar kana barci. Ba barci kake ba, na san numfashin barcinka. Ni ma duk abin da na tsara a jirgi na kasa faɗa. To ga shi nan.

Na yi fushi da kai, kuma har yanzu ina yi. Wata huɗu ka ɗauke mini, Kawu, ba naka ba ne kai kaɗai. Da ni ce a kwalekwalen nan da na san a sauke sanda. Amma na ɗauko wasiƙarka ta Oktoba da sauran na sake karantawa a bas. Ba inda ka ce ka warke. Ka ce tari, ka ce kujera, ka ce ba mai ci. Duk na gani na tsallake, don ina son na'urar nan. Kai ka buɗe ƙofar, ni na shige da gudu. Mu raba laifin, ba na so mu ɓata sauran kwanakin a kansa.

Da safen nan na kasa zama, na ɗauki sandar na je neman kwatar taka. Ina jin na same ta, akwai guntun robar ruwan hoda a maƙale a dutse. Na bar wa dutsen ƙugiya uku. Na kama ɗaya bai kai tafin hannuna da rabi ba, ya soke ni kafin in sake shi, yatsan har yanzu zugi yake.

Na yi magana da likita. Ya yarda in dawo da kai gida ranar Alhamis, za a riƙa turo mai jinya kullum. Ba na komawa Newman, kuma ba shawara nake nema ba.

'Yarka,
Lyndal


(a bayan takardar)

Lyndal,

Na karanta. Na karɓi rabona.

Alhamis ki zo da motata, ta Noeleen tana jijjiga ni. Ki jawo gadon zuwa falo, wajen tagar da ke kallon ruwa. Ki sa yatsan a ruwan zafi.

In kin zo kar ki yi kuka a gaban ma'aikatan nan. Na gaya musu motar da kike tuƙawa tayarta ta fi ɗakin nan tsayi, duk suna jiran su gan ki.

Kawu